Ƴar Rana da Rabin Wata

Bayan Kasuwar Dole, lungu na biyu,
inda warin dalma ke riga sallama fitowa,
nan Mutari ya koya mini gyaran tele.
Shekara uku ina riƙe masa fitila
kafin ya bar yatsana ya hau maɓalli.

Ya ce, alamu biyu ne, kada ka gama su:
ga ƴar rana mai gashi tsaye,
ga rabin wata, gefe fari gefe baƙi.
Jama'a na zaton tagwaye ne.
Ko kaka ba su haɗa ba.

Ƴar ranar ana kiran ta haske,
sunan ne kawai, aikinta a ƙasa yake,
ita ke riƙe da gindin baƙi.
Tura ta sama, gawayi ya koma toka,
dare ya yi furfura.
Sauke ta da yawa, duhu ya yi haɗama,
ya cinye aljihun baƙar riga,
ya cinye kunnen mai labarai har da ɗankunne.

Rabin watan kuwa rata ce,
nisan da ke tsakanin nono da tawada.
Ka buɗe ta fiye da kima, fari ya ƙone,
shadda ta rasa zubinta, gajimare ya zama bango.
Ka matse ta,
kowa ya yi kama da ɗan'uwansa,
kamar kunun da aka cika wa ruwa.

Makon kokowar ƙasa Iya Cima ta iso
daga Garin Malam, tele a bayan amalanke,
an naɗe ta da zane kamar mai zazzaɓi.
Ta ce, yaro, akwatin nan ya ɗauki ciwona,
yanar idona ta koma cikinsa.
Jikana Ganda zai shiga fili la'asar,
ni ko hayaƙi nake gani yana kama hayaƙi.

Na kunna. Ƴar rana tana kan ɗari.
Duk jikan da ya wuce sai ya ƙara mata,
don tausayi, wai tsohuwa ta gani.
Na yi ta saukewa,
saba'in, sittin, hamsin da biyu,
sai baƙi ya dawo gida ya zauna.
Na ɗan buɗe rabin watan,
na tsaya daidai inda yashin fili
bai daina nuna sawun ƙafa ba.

Ta jawo kujera har numfashinta na taɓa gilas.
Ga layu a damtse, ga gumi a kafaɗa,
ga tabon da ya samo yana yaro
a kan duwatsun Birni.
Ta ce, shi ne. Wallahi shi ne.

Bai kai minti biyu ba aka kai shi ƙasa.

Shagon ya yi tsit, har fanka ta ji kunya.
Na ce ko in mayar yadda take?
Ta harare ni da idon da ya fi lafiya:
bar shi nan.
Na ga ƙafar da ta zame, na ga wadda aka ɗauke,
yau ba mai ƙara mini gishiri a gida.

Tana ƙirga kuɗi kuran ya tafi.
Mutari ya nuna gilas da haɓa,
ya ce, duba, iyakar baƙinta ke nan,
kuma toka ne, tunda ƙofa a buɗe take.
Tele ba ta da duhu nata na kanta,
a ɗaki take ara.

Iya Cima ta ɗaure bakin zane,
ta ce a rubuta mata lambar a takarda.
Na rubuta hamsin da biyu, manya-manya.
Ta soke ta cikin ɗankwali,
ta ce duk wanda ya sake taɓa ranar nan,
ita za ta kada shi.